Cin Rani A Kan Ƙanƙara: Rayuwar Ma'aikatan Dutsen Gulmarg Da Iyalansu



Kwanakin baya muna karatun Ahalari da ɗalibaina na ajin matan aure, sai muka iso babin taimama, inda malamin ya lissafa abubuwan da ya halatta mutum ya dafa ya yi taimama da su. Bayan ƙasa da dutse da makamantansu, sai ga dusar ƙanƙara a cikin jerin. Wata baiwar Allah da ta kusa haihuwata, wadda ba ta barin magana ta wuce ta, ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, don Allah wa zai rasa ƙasa a duniyar nan har sai ya dafa ƙanƙara?" Aji ya kwashe da dariya. Wata daga baya ta ce ai sai dai 'yan fim ɗin Indiya, su da ke birgima a cikinta suna waƙa.

To ba tallar fim nake yi ba, amma mai wannan magana ba ta yi nisa da gaskiya ba. Da yawa daga cikin fararen duwatsun da muka taso muna gani a finafinan Indiya, tun daga Bobby na 1973 har zuwa Jab Tak Hai Jaan na 2012, an ɗauke su ne a wani wuri da ake kira Gulmarg. Abin da ba a nuna mana shi ne mutumin da ya ɗauko kayan 'yan fim ɗin a bayansa, ya hau da su tudun, ya koma gefe ya tsugunna yana hura hannunsa. Wannan mutum Musulmi ne ɗan'uwanmu, yana da mata da 'ya'ya a wani ƙauye a gindin dutsen, kuma idan kika duba rayuwarsa da kyau za ki ga ɗan cin rani ne sak irin namu. Bambancin kawai, shi ƙanƙara ce kasuwarsa.

Gulmarg wani shimfiɗaɗɗen fili ne a saman duwatsun Pir Panjal, a gundumar Baramulla ta yankin Kashmir da ke hannun Indiya, kimanin kilomita 50 yamma da birnin Srinagar. Tudunsa ya kai mita 2,650, wato ya ninka na garin Jos sau biyu har da ɗoriya, kin kuwa san yadda muke jinjina sanyin Jos. Ma'anar sunan ita ce filin furanni, kuma ana danganta raɗa shi ga Sarki Yusuf Shah Chak wanda ya yi mulki a ƙarni na 16. Daga baya Turawan Ingila 'yan mulkin mallaka suka mayar da wurin mafakarsu idan zafin Indiya ya ishe su, a 1927 kuma suka kafa ƙungiyar wasan zamiya a can. Wasan dai shi ne mutum ya ɗaura wasu dogayen alluna sirara guda biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga saman dutse zuwa ƙasa a guje. Akwai masu biyan kuɗin jirgi tun daga Turai domin wannan kawai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ya bunƙasa wurin shi ne gondola, wasu akwatuna masu tagogi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe suna hawa da mutane sama. An buɗe zangon farko a 1998 zuwa wani wuri mai suna Kongdoori, zango na biyu kuma a 2005, wanda ke kai mutum kusa da ƙololuwar dutsen Apharwat, kusan mita 4,000. Daga ƙarshen Disamba zuwa Maris nan ne kakar ƙanƙara. Watanni uku ke nan da 'yan kai.

Daga asuba zuwa magariba

Gulmarg ba gari ba ne irin wanda muka sani, mai unguwanni da dangi. Otal-otal ne da shaguna da sansanin soja. Mafi yawan ma'aikatan daga ƙauyukan da ke kewaye da garin Tangmarg suke, kimanin kilomita 13 a ƙasa. A watannin Satumba da Oktoba sukan girbe shinkafa, su tsinke tuffa, nasu ko na ƙodago. Da an kammala kaka gona ta rufe ke nan sai bayan hunturu. Wasu mazan Kashmir sukan ɗauki mayafai da darduma su gangara biranen Indiya talla, wasu kuma su hau dutse.

Mai hawa dutse yakan tashi tun da duhu, ya yi asuba, ya sha shayinsu mai gishiri da madara wanda suke kira nun cai, launinsa ja-ja saboda 'yar hodar soda da ake sa masa, ya haɗa da gurasa, ya nufi tasha. Sana'a tana farawa tun daga Tangmarg. A nan ne ake ɗaura wa tayoyin mota sarƙa don kada su zame a hawan, akwai samarin da aikinsu ke nan, su durƙusa a kan ƙanƙara suna ɗaura ƙarfe mai sanyi da hannu. A nan ne kuma masu shaguna ke ba baƙi hayar dogayen takalman roba da manyan riguna, domin yawancin masu zuwa 'yan biranen Indiya ne masu zafi waɗanda ba su taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firij, kamar mu.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne mai jan amalanken ƙanƙara. Wani ɗan benci ne na katako marar taya, da igiya a gabansa. Baƙo ya hau ya zauna, mai amalanken ya rataya igiyar a kafaɗa ya ja shi zuwa saman tudu, sannan ya zauna a gaba su gangaro tare yana taka birki da dugadugansa. Uwargida ki ƙiyasta jan ƙaton mutum, wani lokaci har da ɗansa a cinya, a hawan tudu, ƙafa tana nutsewa, ga shi iskar can sama ba ta ƙosar da huhu kamar ta ƙasa. Gumi yakan jiƙa masa riga a ciki alhali gemunsa yana daskarewa a waje. Da ya tsaya jiran wani fasinjan sai gumin ya huce a jikinsa, daga nan tari da ciwon ƙirji ke samo asali. A cikin masu wannan aiki akwai dattawa masu furfura.

Kuma ba albashi ba ne. Abin da ka ja shi ka samu. Suna da ƙungiyoyi da bin layi kamar 'yan tasha, akwai kuma farashin da hukuma ke ƙayyadewa, amma duk da haka ciniki ba ya ƙarewa. Baƙi sukan koka cewa ana damunsu da naci tun kafin su sauka daga mota, kuma akwai gaskiya a kukan, domin ba a rasa masu tsawwalawa. Sai dai ni idan na ji wanda ya biya kuɗin jirgi da na otal yana tada jijiyar wuya a kan 'yan rufi kaɗan da mutumin da ya ja shi kamar doki, sai in rasa ta cewa. Mu ma nan haka muke yi wa mai ga-ruwa da mai dako, mu saya leshi ba tayi, mu zo muna ja-in-ja a kan kuɗin jarka. Bugu da ƙari yanzu baburan ƙanƙara masu inji sun shigo, baƙo mai sauri ya fi son su, kuma mai amalanke ba shi da jarin sayen irinsu.

Sama da wannan mataki akwai masu koyar da zamiya, da 'yan rakiya masu shiga da ƙwararru lungunan dutse, da ma'aikatan ceto. Waɗannan sun fi samu, amma ransu na hannun Allah a kullum. Idan ƙanƙara ta taru ta yi nauyi a gangare takan zaftaro gaba ɗaya ta binne duk abin da ta tarar. A Fabrairun 2023 ta kashe mutum biyu 'yan ƙasar Poland a Apharwat, a Fabrairun 2024 kuma ta kashe wani ɗan Rasha. Duk lokacin da haka ta faru, 'yan ƙauyukan nan ne ke rugawa da shebur suna tono, a ƙarƙashin gangaren da bai gama zubowa ba. A Yunin 2017 ma guguwa ta kayar da bishiya a kan igiyar gondola, mutum bakwai suka rasu, huɗu baƙi ne 'yan gida ɗaya, uku kuma 'yan yankin.

Akan samu wanda dutsen ya ɗaga. Arif Khan, wanda mahaifinsa ke da shagon kayan zamiya a Gulmarg, shi kaɗai ne ya wakilci Indiya baki ɗaya a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijing a 2022. Amma irinsa ɗaya ne tamkar da dubu, sauran kuwa igiya ce a kafaɗa har tsufa.

Akwai kuma ma'aikatan otal, kuku da masu wanki da masu hura murhun ɗumama ɗaki. Su sukan yi makonni ba su sauko gida ba, musamman idan hanya ta toshe, suna kwana a cunkushe a ɗakunan bayan gida. Akan ɗauke su idan kaka ta kama, a sallame su idan ta wuce.

Salla da azumi a cikin daskarewa

Mutanen Kashmir suna da lissafin sanyi kamar yadda manomanmu ke lissafin taurari. Daga 21 ga Disamba ake shiga Cillai Kalan, kwana 40 na tsananin sanyi, sai kwana 20 masu sauƙi-sauƙi, sai kwana 10 na ƙarshe. A Gulmarg ma'aunin sanyi yakan sauka ƙasa da sifiri da daraja 10 ko fiye da dare. Ruwa yakan daskare a cikin famfo.

Ga amsar tambayar ɗalibata. Ashe akwai inda mutum zai waiga gabas da yamma bai ga ƙasa ba, ta nutse a ƙarƙashin ƙanƙarar da ta kai ƙugu ko ta wuce. Sai dai yawancin Musulmin Kashmir Hanafawa ne, su kuwa ba su lissafa ƙanƙara cikin abin taimama ba, sai abin da yake jinsin ƙasa ne. Dabarar da suka gada ita ce hamam. A masallatansu akan yi wani ɗaki da aka shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, ƙarƙashinsa rami ne da ake hura itace, sai daɓen ya ɗauki ɗumi, wutar kuma ta ɗumama tukunyar ruwan alwala. Talakan da ba shi da hamam a gida, masallaci ne hamam ɗinsa. Shari'a ma ba ta manta da mai jin sanyi ba. Mun san ƙissar Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, da ya wayi gari da janaba a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasil, ya ji tsoron halaka idan ya yi wanka, ya yi taimama ya ja mutane salla, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) kuma bai ce ya sake ba.

Wani abin lura shi ne azumi yana ta matsowa tsakiyar kakar ƙanƙara. Na 2025 ya kama a Maris, na 2026 tsakanin Fabrairu da Maris, kuma duk shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11. Wato shekarun nan mai amalanke zai riƙa jan igiyarsa da azumi a baki, a daidai watannin da ba zai iya cewa bari in huta ba. Ranakun gajeru ne, wannan rahama ce, amma yunwar sanyi daban take. Ga kuma abin da ido ke gani. A Ramalanan 2025 wasu masu tallar tufafi suka shirya baje kolin sutura a kan ƙanƙarar Gulmarg da shigar da ba ta dace ba, jama'a da malamai suka yi tir, har Babban Ministan yankin Omar Abdullah ya nemi a kawo masa rahoto. Ma'aikacin da ya share filin ko ya kai shayi a ranar ba shi da bakin magana, abincinsa yake nema, Allah Ya san zuciyarsa.

Wadda ta rage a gida

Nan ne inda na fi son mu tsaya, domin wannan ɓangare namu ne.

Matar mai hawa dutse tana fara shirin hunturu tun rana na da zafi. Takan yanka tumatir da yalo da duma da wani tushe mai kama da dankali, ta tsire su a zare ta rataye a jikin bango da tagogi har su bushe ƙayau. Suna kiran wannan hok siyun. Duk wadda ta taɓa shanya kauɗar tumatir ko ta yanka kuɓewa ta baza a tabarma ta san me ake nufi. Idan hanya ta toshe, kayan gwari suka yi tsada ko suka ɓace daga kasuwa, wannan zaren shi ne miyar gidan, a ɗora a kan shinkafa safe da dare.

Idan ganye ya zube a ƙarshen kaka, mata ne ke tattara shi tare da rassan tuffa da aka sassabe, su ƙona su yayyafa ruwa, su sami ɗan gawayi mai laushi su ɗura a buhu. Da shi ake cika kangiri, wani ɗan kasko na yumɓu da aka saƙa wa kwando da mariƙi. Kowa a gidan yana da nasa, yakan rungume shi a cikin wata burmemiyar riga mai suna feran, wadda maza da mata duk suke sawa. Aikin uwargida na farko kafin kowa ya motsa shi ne cika kaskon nan ɗaya bayan ɗaya da garwashi. Sannan ta fasa ƙanƙarar da ta rufe ruwa ko ta tafi ɗiba idan famfo ya daskare, ta ba saniya harawa, ta dafa shayi. Makarantu kuma suna dogon hutu daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, yara duk suna gida a ɗaki ɗaya, ga surukai tsofaffi da sanyi ya fi kamawa. Wutar lantarki kuwa tana yi musu irin tamu.

Wannan ɗumi yana da nasa haɗari. Yara sukan ƙone idan kangiri ya kife, likitoci ma sun daɗe da sanin wani nau'in cutar daji ta fata da ke kama ciki da cinyar waɗanda suka shekara da shekaru suna manna shi a jiki. Mafi muni shi ne shaƙewa. A Janairun 2025 an wayi gari an tarar da miji da mata da 'ya'yansu uku sun rasu a ɗakin da suke haya a Srinagar, 'yan gundumar Baramulla ne da neman abinci ya kawo su birni. Garwashi ko murhun gas a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari wadda ke kashe mai barci bai farka ba. 'Yar'uwa, kaskon da muke shiga da shi ɗakin mai jego da hunturu mu toshe taga da tsumma, shi ma haka yake.

Bayan duk wannan, idan ta sami zama, ba hutawa take yi ba. Da yawa daga matan Kashmir suna kaɗin gashin fashmina mai laushi, ko su yi surfani da allura a jikin mayafai, dillali ya kawo ya zo ya karɓa. Ladan kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin da ake sayar da mayafin a kanti, kamar dai yadda mai ɗinkin hula take da ɗan kasuwa a wurinmu. Amma shi ne kuɗin gishiri da maganin tari a makon da maigida ya sauko hannu rabbana. Ina jin takaici idan na ji namiji yana cewa matarsa ba ta aikin komai, alhali rumbun da ya tsallake da shi shekara ita ta cika shi.

Babban aikin dai shi ne riƙon kuɗi. Abin da aka samu a wata uku ana so ya taɓa wata goma sha biyu, tare da ɗan abin gona da na haya da doki idan furanni sun fito. Mai shago ya ba da bashin shinkafa da mai sai kaka, ga kuɗin makaranta a Maris, ga bukukuwa da ke jira idan gari ya yi ɗumi. Su ma suna da tasu ɗawainiyar. Walimarsu da ake kira wazwan, idan ta cika, takan kai kala 36, yawanci nama, kuma talaka ma ba ya son a ce ya gaza. Mutum ya yi hunturu guda yana jan ƙatti a kafaɗa, a cinye a yini biyu, har a ci bashi a kai. Ba zan zarge su ba, mu da muke sayar da gona don kayan ɗaki.

Shekarar da ba ta sauka ba

Ƙanƙarar Kashmir tana zuwa ne da wata iska mai ɗauke da laima da ke tasowa tun daga wajen tekun Bahar Rum. A hunturun 2023 zuwa 2024 iskar ta yi rauni. Disamba ta wuce, Janairu ta kusa ƙarewa, Cillai Kalan ta kusa fita, tudun Gulmarg yana nan da busasshiyar ciyawa. Baƙi suka soke zuwa, otal-otal suka zama wayam, masu amalanke suka jingine katakonsu suna kallon sama. A babban masallacin Juma'a na Srinagar har sallar roƙon ruwa aka yi. Sai a ƙarshen Janairu ta sauko, bayan an yi asarar makonnin da suka fi kowanne ciniki. A 2025 ma sai da aka ɗage gasar wasannin hunturu ta ƙasa, Khelo India, daga Fabrairu zuwa Maris saboda ƙarancinta. Masana suna danganta wannan da ɗumamar yanayi.

Asarar kuma biyu ce. Ƙanƙarar da ta taru a kan dutse ita ce ke narkewa a hankali ta shayar da shinkafa, itacen tuffa kuma sai ya sha sanyi sosai yake yin 'ya'ya masu kyau. Wanda ya rasa cinikin hunturu, gonarsa ma tana cikin haɗari.

Ba sama kaɗai ke rufe kasuwar ba. Gulmarg na kusa da layin da ya raba sojan Indiya da na Pakistan. Rikicin da ya ɓarke a 1989 ya kori baƙi shekaru masu yawa. A Agustan 2019 gwamnatin Indiya ta umarci baƙi su fice, ta soke matsayi na musamman da yankin ke da shi, ta yanke waya da intanet na tsawon watanni. Kafin a farfaɗo sai ga korona a 2020. A ranar 22 ga Afrilun 2025 'yan bindiga suka kashe mutum 26 a kusa da Pahalgam, wani wurin shaƙatawa a Kashmir, cikinsu har da wani Musulmi mai haya da doki, a watan Mayu kuma ƙasashen biyu suka yi kwana huɗu suna musayar wuta. Baƙi suka watse daga kwarin gaba ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi shawara da mai amalanke ko matarsa.

Idan shekara ta yi kyau, zuwa Afrilu ƙanƙarar filin takan fara zama taɓo. Maigida ya sauko da amalankensa ya ɗora a saman rufi, ya ciro sirdi ya duba kofaton doki, ko ya nufi gona gyaran irin shinkafa. Makiyaya Gujjar da Bakarwal su fara shirin hawowa da tumakinsu inda aka yi zamiya jiya. Ita kuwa uwargida ta kwance zaren busasshen yalon da ya rage ta ƙirga, ta juye tokar kangiri ta jera su a lungu, ta ɗauki fartanya ta nufi bayan gida inda za ta shuka na baɗi.